Tsani a jikin bango da ƙwayoyin ludo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare a nan Daura. Tambayoyi biyu ne suka kayar da ni a gwajin lissafi. Ta farko: an jingina tsani mai tsawon mita 13 da bango, tsakanin gindinsa da bangon mita 5, a wane tsayi kansa ya taɓa bangon? Na cire 5 daga 13, na rubuta 8. Ta biyu: an jefa ƙwayoyin ludo biyu, mece ce yiwuwar jimlarsu ta zama 7? Na rubuta 1/11, tunda daga 2 zuwa 12 lambobi 11 ne. Duka biyun jan biro na sha.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ko ban ga takardarki ba, na san babu zane a kanta. Na daɗe da alli a hannu a nan Katsina, kuma yawancin masu rubuta 8 ba su zana komai ba.

Zana bango a tsaye, ƙasa a kwance, tsani a karkace. Inda bango ya haɗu da ƙasa kusurwa ce mai digiri 90, tsanin kuma shi ne dogon gefen da ke fuskantarta. Sai ƙa'idar Fitagoras, wadda ta ce in an ninka dogon gefen da kansa, daidai yake da jimlar sauran gefe biyun, kowanne an ninka shi da kansa: 13 sau 13 ya ba da 169, 5 sau 5 ya ba da 25, ki cire, saura 144. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 144? 12. Kin ga an ja gindin har mita 5, amma kan tsanin mita 1 kacal ya sauko. (Tsanin mita 13 kam sai a takardar jarrabawa, ni dai ban taɓa ganinsa a gidan kowa ba.) Magina ma da wannan ƙa'ida suke daidaita kusurwar ɗaki in za su ɗora harsashi: su auna 3 nan, 4 can, in tsakaninsu ya ba da 5, kusurwa ta zauna.

Ta biyun ta fi daɗi, domin kin yi tunani, sai dai kin ɗauka lambobin nan 11 ƙarfinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Ɗauka ƙwaya ɗaya fara ce, ɗaya ja. Kowace fuskarta 6, saboda haka hanyoyin faɗuwarsu 6 sau 6, wato 36. Don a samu 2, dole kowace ta nuna 1, hanya guda ke nan. Amma 7 fa? 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, sannan ki juya su: 4 da 3, 5 da 2, 6 da 1. Hanyoyi 6 cikin 36, wato 1/6. Wurin juyawar nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Fara ta nuna 3 ja ta nuna 4 daban, fara 4 ja 3 daban.

Wannan fanni na lissafin yiwuwa ma daga gardamar 'yan caca ya samo tushe, lokacin da Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi ta musayar wasiƙu a kai a 1654. Ba cewa na yi ki koyi caca ba fa.

Ki zana gidaje 36, layi 6 a tsaye 6 a kwance, ki cika jimlar kowane gida. Sai ki nemo mini yiwuwar samun 10, ki aiko. Ki kula da 5 da 5, ita sau ɗaya ake ƙirga ta.