Karatu a jami'a mai zaman kanta a Taiwan, da batun ko mutanen can 'yan China ne

Ɗan'uwa, ka tambayi abu biyu: ko jami'a mai zaman kanta a Taiwan tana da daraja, da kuma ko ka kira mutanen can 'yan China.

Bari in fara da na biyu. Yawancinsu kakanninsu daga China suka ƙetaro: al'ummar Hoklo ce ta fi yawa, sai ta Hakka, sai waɗanda suka zo tare da gwamnatin Kuomintang, jam'iyyar da ta sha kashi a yaƙin basasar China, a 1949. Akwai kuma ƙabilun asali 16 da gwamnati ta amince da su. Sai dai binciken da Jami'ar Chengchi ke yi tun 1992 ya nuna sama da rabinsu yanzu 'yan Taiwan kawai suke kiran kansu. Ka ce ɗan Taiwan, ka huta, kuma kada ka ja muhawarar siyasa da wanda ba ka sani ba.

Batun jami'a ne ya fi damuna. Akwai nagari irin su Ming Chuan, wadda ke koyar da darussa da Turanci. Amma a 2022 an gano ɗalibai 'yan Uganda da Jami'ar Chung Chou ta kawo, aka tura su aikin masana'anta maimakon aji, har aka hana ta ɗaukar ɗalibai. Duk dillalin da ya ce aiki ne zai biya maka kuɗin makaranta, ka guje shi, domin awa 20 kawai doka ta yarda ɗalibin waje ya yi aiki a mako lokacin zangon karatu.

Kafin ka biya ko sisi, ka tuntuɓi ofishin kasuwancin Taipei da ke Legas, wanda ke wakiltar Taiwan a Najeriya, su tantance maka takardar shiga.