Ninka girman tsohuwar roka mai hawa biyu

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko za ka iya ninka girman tsohuwar rokar Estes (kamfanin da ke ƙera ƙananan rokokin wasa) mai hawa biyu, wato ɓangare biyu kowanne da injinsa, ka kuma bar mata injinta na asali. Jikin zai ninku lafiya lau, amma injin dole ka canza shi. In ka ninka tsawo da faɗi, nauyi zai kai ninki huɗu ko ya wuce, tunda fukafukan ma sai ka ƙara musu kauri. Injin C6-0 mai faɗin milimita 18 wajen giram 113 kawai yake ɗagawa. Koma D12-0 mai milimita 24, wanda ke ɗaukar kusan giram 400, ka sa D12-7 a sama. Sifilin da ke ƙarshen sunan injin ƙasa, mai nufin babu jinkiri, wajibi ne, domin yana gama ci, wutarsa ke kunna na sama nan take.

Sharaɗin da na fi damuwa da shi daidaito ne. Injina biyu a gindi suna jan nauyi baya, sai rokar ta kama wutsil-wutsil tun daga kan sandar harbi. Zana ta a OpenRocket, manhajar kwamfuta ta gwajin roka, ka gwada ta haɗe, ka sake gwada hawan sama shi kaɗai. In ta gaza, cusa ɗan yumɓu cikin hancin. Kuma don Allah kada ka bar injinan cikin mota a zafin Jidda, albarushin da ke cikinsu yana tsagewa ya fashe lokacin tashi. Kafin ka fita fili, nemi izinin hukumar jiragen sama.