Da wane littafin Shankara za a fara?

Malam, ka tambayi wane ne Adi Shankara, malamin falsafar addinin Hindu, da kuma littafin da ya dace ɗalibin nazarin addinai ya fara da shi. Zan faɗi abin da na koya a shekarun da na yi ina karatu a kudancin Indiya.

An haife shi a Kalady, a bakin kogin Periyar cikin jihar Kerala ta yau. An fi cewa ya rayu daga 788 zuwa 820 miladiyya, kodayake masu bincike da yawa suna ganin zamaninsa ya ɗan gabaci haka. Tarihin rayuwarsa kuwa sai bayan ƙarnuka aka rubuta shi, cike da labaran al'ajabi, saboda haka kada ka jingina da shi sosai.

Mutumin yana cikin sharhinsa. Babban aikinsa shi ne sharhin Brahma Sutra, matani mai gajerun jimloli 555, waɗanda wasunsu ba su wuce kalma biyu ko uku ba, sannan ya yi sharhin Bhagavad Gita da manyan Upanishad, dukansu littattafan addinin Hindu ne. Na taɓa zama a darasin wani dattijon malami wanda ya shafe sa'a guda a kan jimlar farko kaɗai, yana kawo hujjar abokin jayayya da cikakken ƙarfinta kafin ya warware ta, har na tuna karatun zaure, inda matani yake da sharhi, sharhin ma yake da hashiya. Hashiyar da ta fi shahara a nan ita ce Bhamati ta Vachaspati Mishra.

Tushen koyarwar Shankara yana cikin muƙaddimar sharhinsa na Brahma Sutra, inda ya kawo misalin wanda ya hango ƙyallin ɓawon kawa ya zaci azurfa ce. A ganinsa haka mutum yake ɗora siffofin jiki da na zuciya a kan ainihin kansa, alhali ainihin nan da Brahman, wato haƙiƙa guda da take asalin komai, abu ɗaya ne. Ramanuja, wani babban malamin Hindu, ya yi masa raddi mai zafi daga baya, don haka kada ka ɗauka ra'ayin dukan Hindu ke nan.

Ni na yi kuskuren farawa da littafin Vivekachudamani, wanda ake jingina wa Shankara, sai daga baya na gane masana da dama suna shakkar nasa ne, domin littattafan da aka jingina masa sun haura 300. Ka fara da sashen zube na littafinsa Upadeshasahasri, inda malami da almajiri suke tambaya da amsa, daga nan ka koma muƙaddimar da na ambata ka karanta ta sau biyu.