Tambaya da Amsa: Fim Ɗin Yarinyar da Ta Rikiɗa Bayan Ta Fara Al'ada

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Kwanakin baya na tarar da 'yata mai shekara 15 tana kallon wani fim mai suna Ginger Snaps a wayarta. Na karɓe wayar, amma da dare sai na zauna na kalle shi har ƙarshe domin in san abin da idonta ya gani. Na kasa gane inda ya dosa, domin wani wurin ya razana ni, wani wurin kuma ya kusa ba ni dariya, ga maganar jinin al'ada da sha'awa ta cika shi. Shin batsa ce aka lulluɓe da sunan fim ɗin ban tsoro, ko akwai wata manufa? Me kuma zan ce wa yarinyar?
Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin yi dabara da kika kalla kafin ki yanke hukunci. Fim ɗin na ƙasar Kanada ne, ya fito a shekarar 2000, John Fawcett ne ya ba da umarni, Karen Walton kuma ta rubuta labarin. A ganina ba batsa ba ne, domin ba a gina shi don tayar da sha'awar mai kallo ba, amma kuma ba na yara ba ne. Akwai zubar da jini da ashar da shaye-shaye, kuma tun farkonsa 'yan matan biyu suna wasa da maganar kashe kai, har suna ɗaukar hotunan kansu kamar gawarwaki a matsayin aikin makaranta. Wannan kaɗai ya isa a ce kin yi daidai da kika tsoma baki.

Ga masu karatu da ba su san shi ba, labarin ya da ƙanwa ne, Ginger da Brigitte, waɗanda suka shaƙu da juna suka ware kansu daga sauran 'yan makarantarsu. A daren da Ginger ta fara ganin al'ada, wata dabba da ta addabi karnukan unguwa ta kai mata hari ta cije ta. Daga nan raunukan suka warke da saurin da ya wuce hankali, gashi ya fara tsirowa a kansu, farce ya ƙara tsini, har wutsiya ta fito mata, halinta kuma ya sauya ta koma mai faɗa da bibiyar samari. A taƙaice, tana rikiɗewa ne zuwa kyarkeci a hankali.

Hikimar marubuciyar ita ce ta haɗa alamomin rikiɗa da alamomin balaga har suka saje, ta yadda babu wani babba da ya iya bambance su. Ki tuna wurin da yaran suka je gun ma'aikaciyar jinya ta makaranta. Ginger na zaune a takure, ƙanwarta tana ƙoƙarin bayyana ciwon da yawan jinin da gashin da ya fito inda da babu, ita kuwa matar tana murmushi tana nuna musu zanen mahaifa, tana tabbatar musu cewa kowace mace haka take yi, sannan ta sallame su. Can a gida kuma, da mahaifiyar ta ga alamar jini a kayan wanki, sai ta kawo kek kan teburin cin abinci don taya murna, mahaifin yana zaune ya rasa inda zai sa kansa, yarinyar kuma kamar ƙasa ta tsage ta shige. Nan ne dariyar da kika ambata take, kuma nan ne ni na fi jin tsoro, domin manyan duka suna da kyakkyawar niyya, sai dai babu wanda ya tsaya ya saurara.

Wannan salo ya girmi fim ɗin, kuma ya ci gaba bayansa. A 1976 Brian De Palma ya yi Carrie daga littafin Stephen King na 1974, inda yarinya ta ga jini a banɗakin makaranta ta ɗauka mutuwa za ta yi, saboda mahaifiyarta ba ta taɓa gaya mata komai ba, 'yan ajinsu kuma suka yi mata ature da audugar mata. A It Follows na 2014, wanda aka ɗauka a yankin birnin Detroit na Amurka, wata masifa ce ke bin mutum da tafiyar ƙafa, ba ta gudu kuma ba ta tsayawa, kuma ta hanyar saduwa ake ɗauka. Masu shirya irin waɗannan finafinai sun lura cewa balaga da kanta tana da siffar labarin ban tsoro: jiki yana canzawa ba da izinin mai shi ba, idon mutane yana canzawa a kansa, ga kunya ta hana shi tambaya. Shi dodon da ke cikin fim, hanya ce kawai ta nuna wa ido abin da matashi ke ji a ransa.

Akwai inda nake da ja da su. Sau da yawa suna ƙarewa da halakar yarinyar, kamar dai girman mace bala'i ne da sai an kashe shi, kuma Ginger Snaps ma bai kuɓuta daga wannan ba, tun da Ginger a hannun ƙanwarta ta mutu. Babba zai iya ganin hakan a matsayin sukar al'ummar da ta kasa taimakon yarinyar, amma mai shekara 15 da ke kallo ita kaɗai cikin dare tana iya ɗaukar cewa jikinta ne abin ƙyama.

Saboda haka, Hajiya, shawarata ita ce kada maganar ta tsaya a ƙwace waya. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki gaya mata cewa ke ma kin kalla, ki faɗi dalilin da ya sa kike ganin bai dace da shekarunta ba tukuna, sannan ki tambaye ta wane wuri ne ya fi tsaya mata a rai. Idan ta ambaci dodon, to tsoro ne kawai ta je nema kamar sauran tsararrakinta. Idan kuwa ta ambaci ma'aikaciyar jinyar ko mahaifiyar, ko ta tsaya a kan hotunan mutuwar nan na farko, ki ajiye duk abin da kike yi ki bar ta ta ƙarasa maganarta.