Rijiyar da ke tsakiyar jirgi: amsa ga mai son karatun aikin teku

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka kalli wani fim inda mutane ke zaune a gida can ƙarƙashin teku, ga rami buɗe a tsakar ɗaki, ruwa kwance bai malalo ba, suna faɗawa suna fitowa abinsu. Kana son sanin ko akwai irinsa, tunda shi ya sa maka sha'awar zuwa Birtaniya karatun injiniyancin teku.

Akwai shi, a bakinsa ma nake aiki. Ma'aikata na ce masa mun-ful, wato tafkin wata. A jirginmu da ke tashi daga Abadin ta Sukotilan zuwa Tekun Arewa, rijiya ce da ta huda tsakiyar jirgi daga sama har gindi, bangon ƙarfe ya kewaye ta, ruwan cikinta kuma ya tsaya daidai da fuskar teku. An zaɓi tsakiya ne domin nan tangaɗi ya fi sauƙi. In ka zura kaya ta gefe, igiyar ruwa sai ta maka su da jikin jirgi. Ta nan muke saukar da na'urar nutso da muke tuƙawa daga ɗakin kwamfuta. Da dare nakan tsaya ina kallon fitilunta suna mai da ruwan kore shar, suna ƙanƙancewa har su ɓace. Ranar da teku ta yi fushi kuwa, ruwan ya dinga tasowa yana komawa kamar ana buga famfo, ya jiƙa ka har gwiwa.

Wanda ka gani a fim wani iri ne daban. Kifa kofi cikin bokitin ruwa ka danna shi ƙasa: iskar da ke ciki ce ke hana ruwa hawa. Haka gidan yake. Amma kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, dole iskar ɗakin ta matsu daidai da haka, kuma ita mutum zai shaƙa dare da rana. A 1963 Jak Kusto, mai binciken teku ɗan Faransa, ya zaunar da mutane wata guda a zurfin mita 10 cikin Bahar Maliya, gab da gaɓar Sudan. Akwai kuma gidan Akwariyos a tekun Fulorida, zurfin wajen mita 19, inda hukumar NASA ta riƙa horar da 'yan sama jannati.

Inda fina-finai ke yin ƙarya shi ne wajen fita. Jikin da ya kwana cikin wannan matsi ya sha iska ya ƙoshi. In ya taso da gaggawa, iskar ta yi kumfa a jininsa kamar an buɗe kwalbar lemo, ƙarshenta shanyewar jiki ko mutuwa. Masu nutson da ake saukarwa ta rijiyar jirgi cikin wani ƙaramin ɗakin ƙarfe da ake kira ƙararrawa sukan yi har kwana 28 a kulle a ɗakin matsi da ke cikin jirgin, suna shaƙar iskar oksijin gauraye da iskar hiliyam da ke mai da muryarsu kamar ta agwagwa, a kwanakin ƙarshe kuma ana rage musu matsi kaɗan-kaɗan, kusan yini guda ga kowace mita 30. Ko rasuwa aka yi wa mutum, ba a buɗe masa ƙofa. Wannan ne ya fi taɓa min zuciya a duk aikin.

Saboda haka ka riƙe lissafi da fiziks da kyau. Jami'o'in Abadin, Niyukasil da Sitiratkilaid duk suna koyar da fannonin injiniyancin teku. Ka kuma koyi iyo tun yanzu, domin kafin a kai ka dandalin haƙar mai sai ka yi horon da ake ɗaure ka a kujerar jirgi mai saukar ungulu na gwaji, a kifar da shi cikin ruwa, ka kwance ɗamara ka fito ta taga.