Tambayi Fasto: An yi mini tayin kujera, amma da sharaɗi

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni dattijon ikkilisiya ne a kudancin Kaduna, kuma malamin firamare. Wani ɗan takarar shugabancin ƙaramar hukuma ya ce in ya ci zai sa a ba ni kujerar sakataren ilimi. Abin da yake so shi ne in miƙe bayan sujada in gaya wa jama'a shi ne zaɓin Allah, in kuma shawo masa kan zumuntar mata. Mai ɗakina ta ce in karɓa, ai Yusufu ma ya yi mulki a Masar. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Zunubi ne Kirista ya nemi mulki?

Amsa: Ɗana, mai ɗakinka ba ta faɗi ƙarya ba. Yusufu yana da shekara 30 Fir'auna ya danƙa masa Masar. Daniyel kuma yana cikin manya uku da ke kula da hakimai 120 a zamanin sarki Dariyus. Kujera ba haram ba ce. Sai dai ka tuna mata ta inda Yusufu ya bi. Daga kurkuku aka ɗauko shi, abin da ya kai shi can kuwa ƙin biye wa matar Fotifar ne.

Buɗe Luka 4:5-8. Yesu ya kwana 40 bai sa komai a baki ba, sai Iblis ya nuna masa mulkokin duniya cikin ƙiftawar ido, ya ce duk naka ne. Kuɗin kayan? Durƙuso ɗaya. Abin da ke ɗaure mini kai a wurin nan shi ne mulkin ai na Yesu ne tun asali, kuma a Matiyu 28:18 ya faɗa da bakinsa cewa an ba shi dukan iko a sama da ƙasa. Hanyar yanke kawai Iblis ya kawo, wadda ba ta bi ta gicciye. Kai ma wataƙila ka cancanci kujerar nan, ka sha ƙurar alli shekara da shekaru. Amma mutumin bai tambayi takardunka ba, bagadi ya tambaya. Kuma in ka ce "zaɓin Allah" alhali Allah bai gaya maka ba, ka ambaci sunansa a banza ke nan, abin da Fitowa 20:7 ta hana.

Bari in tona wa kaina asiri. Wata shekarar zaɓe, ina ƙaramin fasto a ƙauye, iska ta yaye rabin rufin majami'armu. Muna sujada mata na jera robobi suna tarar ruwa. Ran nan sai ga mota a kori-kura cike da bandir na kwano da buhunan siminti, wai gudummawa daga wani ɗan takara. Ban ce a zaɓe shi ba. Na dai kira shi gaba, na ɗora masa hannu, na yi addu'ar da ta fi wa'azin ranar tsawo. Jama'a kuwa ba yara ba ne, sun gane. Ya ci. Da aka shiga wata na biyar ba a biya malaman makaranta ba, huɗu daga cikinsu ’yan ƙungiyar mawaƙanmu ne, dattawa suka ce in je in yi masa magana. Na je. Ya tare ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo, ya ce, "Fasto, yaya rufin namu, ba ya yoyo dai ko?" Na sha lemona na yi sallama. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Kwanon yana nan har yau, in ruwan sama ya sauka a kansa ba na jin daɗin ƙarar.

In kana neman wanda za ka yi koyi da shi, ga Nehemiya. Shekara 12 yana gwamnan Yahuza, bai karɓi abincin da aka saba ba gwamna ba, don ya ga nauyin ya yi wa talakawa yawa, ga shi mutum 150 ne ke ci a teburinsa. Karanta sura 5 tare da mai ɗakinka, kada ka yi mata wa'azi, ku karanta kawai. Ita ke auna tukunya da albashinka, damuwarta ba ta banza ba ce.

Sa'an nan ka koma wurin mutumin, kada ka tafi kai kaɗai, ɗauki wani dattijo. Ka ce masa ƙuri'arka taka ce, ta matan zumunta kuma tasu ce, ba za ka yi masa talla a gidan Allah ba, amma in yana neman mai gyara makarantu ga takardunka. Ka dubi fuskarsa sosai lokacin da kake faɗa. Abin da ya amsa maka, rubuto mini, ina so in ji.