Yaya jarumi ke kai matsayin wanda ake bauta wa a wasan RuneQuest?

Tambaya: Ni ke jan ragamar wasan RuneQuest (wasan tebur ne da kowa ke taka rawar jarumi a cikin labari) da muke yi da abokaina a ƙarshen mako. Ɗaya daga cikinsu ya ce jaruminsa ya gama da manyan dodanni, ƙwarewarsa a takobi ta haura kashi 90, don haka yana so mutanen labarin su fara bauta masa. In amince masa?

Amsa: Kada ka amince tukuna. A Glorantha, ƙagaggiyar duniyar da Greg Stafford ya fara ginawa a 1966, wadda kamfanin Chaosium ya ɗora wasan RuneQuest a kanta a 1978, iya sara da suka ba ya mai da mutum abin bauta. Abin da abokinka ya samu zai iya kai shi ga muƙamin babban mayaƙin ƙungiyar addininsa, in ya cika sauran sharuɗɗa. Amma har yanzu bawan Orlanth ne, ubangijin guguwa a Glorantha, ko Humakt, ubangijin mutuwa da yaƙi, ko duk wanda ya yi wa mubaya'a a cikin labarin. Shi ke ba da makin ƙarfin ruhi da ake kira POW domin a ba shi sihiri, ba a kai inda za a riƙa ba shi ba.

Matakin farko shi ne tafiyar jarumai. A wannan duniya, zamanin alloli bai wuce ba, yana nan a bayan labule. Jarumi yakan shiga ta hanyar biki a rana mai tsarki, ya taka rawar ubangijinsa, ya maimaita abin da tatsuniya ta ce ya yi. Idan ya yi nasara, sai ya dawo da wani abu: ruwan sama bayan fari, ko maganin annoba, ko wata baiwa da babu mai ita. Idan ya faɗi, ba shi kaɗai zai sha wuya ba, har da dangin da suka tsaya a wurin bikin suna mara masa baya. Harmast, wanda ake wa laƙabi da mara takalmi, ya bi sawun Orlanth zuwa ƙasar matattu, ya dawo da jarumi Arkat domin ya yaƙi Gbaji, wani abin bauta mayaudari. Da wannan aka san shi.

Mataki na biyu ne 'yan wasa suka fi mantawa, kuma shi ne zuciyar maganar: jama'a. Dubi Sartar, sarkin da ya kafa masarautar da ke ɗauke da sunansa. Ba da yaƙi ya yi suna ba. Ya sasanta ƙabilun da ba sa ga maciji da juna, ya kafa birane, ya shimfiɗa hanyoyi, ya kafa babban birninsa Boldhome a shekarar 1492 ta lissafinsu. A 1520 ya kunna wuta a gaban jama'arsa, ya shige cikinta ya bar duniya, aka ci gaba da girmama shi ta wannan wutar. Da daular Lunar ta ci birnin a 1602, wutar ta mutu, wato ƙarfinsa yana ɗaure ne da 'yancin mutanensa. Wannan ne ya sa nake son tsarin: mai son ɗaukaka dole ya zama mai amfani ga wasu.

To ga yadda zan yi a teburinka. Tambayi abokin naka: su wa za su bauta maka, kuma me ka kawo musu da ba su da shi? In ya rasa amsa, ka samu labarin watanni masu zuwa. Bari ya ceci ƙauye ɗaya daga fari ta tafiyar jarumai. Daga nan wata tsohuwa ta fara ajiye ƙoƙon madara a kan dutsen da ya tsaya ranar da ya dawo, yara su riƙa ɗaura gashi irin nasa. Sai a hankali mutane su fara miƙa masa makin sihiri a ranar tunawa da shi.

Kuma ka sa masa farashi. Wanda ake girmamawa saboda bai taɓa gudu a fagen fama ba, ya rasa damar gudu har abada. Ranar da ya juya baya, baiwar ta tafi. Mabiyansa za su kira shi tsakar dare in an kore musu shanu, malaman ƙungiyarsa za su fara yi masa kallon kishiya, maƙiya kuma sun san cewa rusa wurin bautarsa ya fi tunkararsa sauƙi. Ka faɗa masa duk wannan tun kafin ya jefa ɗan lido, domin wasu 'yan wasan in sun ji nauyin sukan zaɓi su ci gaba da yawonsu da takobi.